Sabuwa: Zafin da injinanmu ke zubarwa ya isa ya guma shinkafarmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan injin casar shinkafa a garin Sabuwa da rana tsaka ya san ba wurin daɗewa ba ne. Salansa na huci, ruwan da ke sanyaya injin yana neman tafasa a cikin duro, yaron injin yana kwasa yana watsarwa a kwata, yana ƙara mai sanyi. Taku ashirin daga nan kuwa mata ne a tsugune gaban rabin duro a kan murhu, suna iza itace, hayaƙi na cin idonsu, suna dafa ruwan da za su jiƙa shanshera. Mai injin ya sayi man gas da tsada, yana zubar da zafinsa. Mai gumi ta sayi itace da tsada, tana neman zafi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Na taɓa tambayar wata dattijuwa mai wannan sana'a. Na ce, "Inna, ga ruwan zafi can ana zubarwa, me ya hana ki ɗiba?" Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, ai wancan ruwan inji ne, ba na abinci ba." Gaskiya ta faɗa, ruwan da ya zaga cikin inji bai dace da abinci ba. Amma zafin da ke jikinsa ba shi da datti, kuma akwai hanyar cire shi a ba ruwa mai tsabta ba tare da ruwan biyu sun haɗu ba. A kan wannan ɗan bambanci ne wasu ƙasashe suka gina tsarin makamashinsu, mu kuma har yanzu ba mu fara ko lissafinsa ba.

Ra'ayina a nan shi ne, duk lokacin da ake maganar makamashi a Kudancin Katsina, lantarki kaɗai muke ƙirgawa, alhali kaso mai yawa na abin da sana'o'in Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ke buƙata zafi ne. Idan har za a kashe kuɗin jama'a a wannan fanni, a fara da haɗa mai zubar da zafi da mai neman zafi a fili ɗaya.

Ina man da muke saya yake tafiya?

Bari mu yi lissafin da yunit, tunda yanzu kowa ya san yunit ɗin mitar lantarki. Lita ɗaya ta man gas tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit 10. Janareta mai lafiya, idan ya sha wannan lita, abin da yake bayarwa na lantarki bai wuce yunit 3 zuwa 3 da rabi ba. Tsohon inji da ya sha wuya ko hakan ba ya kaiwa. Sauran yunit 6 zuwa 7 ba ɓacewa suke yi ba, zafi suke zama. Wani ya bi hayaƙi ta salansa, wani ya bi ruwan lagireto ko na duro, kaɗan kuma ya fita ta jikin ƙarfen. Wato duk Naira uku da mai inji ya kai gidan mai, Naira ɗaya ce ke yi masa aiki, biyu iska yake ɗumamawa da su.

Ba duka wannan zafi ake iya kamawa ba, amma yunit 4 daga kowace lita ba abin wahala ba ne ga injin da aka yi wa gyaran da ya dace. Ruwan jiƙa shanshera na zamani zafinsa yakan kai digiri 60 zuwa 70, kuma yunit 4 ɗin nan sun isa su ɗaga ruwa sama da lita 70 zuwa wannan mataki. Injin da ke shan lita 40 a yini kenan zai iya ba da ruwan zafi wajen lita 3,000, duro 15 kenan na mai cin lita 200. Wannan lissafi ne da kowane ɗalibin kimiyya na sakandare zai iya maimaitawa. A tambayi mai gumi itacen nawa take ƙonawa kafin ta dafa duro 15, za a gane abin da ake watsarwa a kwata kullum.

Wannan dabara ta samar da lantarki da zafi daga wuta ɗaya tsohuwa ce a duniya. Inda aka yi ta da kyau, maimakon a mori kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na mai, ana morar kashi 80, wani lokaci har 90. Idan kuma aka ɗauki zafin a bututu aka raba wa gidaje ko wuraren sana'a da ke kewaye, an sami abin da Turawa suka daɗe suna yi, wato ɗumama unguwa daga murhu guda.

Yadda wasu suka yi

A shekarar 1877 wani injiniya mai suna Birdsill Holly ya fara tura tururi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gidajen maƙwabta a garin Lockport na Amurka. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta lantarki a titin Pearl na birnin New York, kuma a shekarar ce aka fara sayar da tururi ta bututu a birnin, abin da ake yi har yau. A Danmak, a 1903, hukumar garin Frederiksberg ta gina wurin ƙona shara, ta tura zafinsa zuwa asibitin da ke kusa.

Amma abin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne abin da ya sami Danmak a 1973, lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. A wancan lokaci kusan duk makamashin ƙasar daga man da ake shigowa da shi yake. Abin ya kai ga hana tuƙa mota ranar Lahadi. Da suka farfaɗo sai suka zauna suka yi doka a 1979, wadda ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin ta zana taswirar zafi: ina ake buƙatarsa, ina ake zubar da shi, ta ina bututu zai bi. Suka kuma tsara cewa ba za a ci ƙazamar riba da sayar da zafi ba, abin da aka kashe shi za a karɓa. Da yawa daga cikin kamfanonin da ke wannan aiki mallakar ƙananan hukumomi ne ko ƙungiyoyin gama kai na masu amfani da shi. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Danmak ta bututu suke samun ɗumi, a babban birninsu Kopenhagen kuwa ya haura kashi 95 cikin 100.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da ɗumama ɗaki? Sanyin hunturunmu na 'yan makonni ne, bargo da kaskon wuta sun ishe mu. Haka ne, kuma duk wanda ya zo da shawarar a binne bututun ɗumama gidaje a Sabuwa, kuɗin jama'a yake nema ya binne. Darasin da ke cikin labarin Danmak shi ne tsadar mai ta sa sun tsaya sun ƙirga zafi kamar yadda ake ƙirga kuɗi. Mu ma tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kuɗin niƙa da casa da dako sun ninka, amma ba mu sauya komai a yadda muke ƙona mai ba.

Kuma ba sai ƙasa mai sanyi ba. Masana'antun da ke matse rake su yi sukari da tukar raken suke hura tukunyar tururinsu. Tururin ya fara juya injin lantarki, sannan ya wuce ya dafa ruwan raken. A tsibirin Mauritius wannan hanya ta daɗe tana ba da wani kaso mai tsoka na lantarkin ƙasar, a Yuganda kuma kamfanin sukari na Kakira yana sayar wa babban layin ƙasa rarar wutarsa. A nan gida, manyan masana'antun shinkafa na Kano da Kebbi da buntun shinkafa suke samar da tururin gumi. Manya sun riga sun gane. Ƙananan masu sana'a ne aka bari kowa da murhunsa.

Zafin da Sabuwa ke saya da itace

Sabuwa tana can ƙuryar kudu maso yammacin Jihar Katsina, tana iyaka da Jihar Kaduna ta wajen Birnin Gwari. Yanki ne da ya fi yawancin jihar samun ruwan sama, shi ya sa masara da shinkafa da waken suya da dawa da rake suke yi sosai. Abin da ake nomawa a Damari da Machika da Maibakko da Dugun Mu'azu shi ke cika motocin da ke tashi daga kasuwar Dandume zuwa sassan ƙasar nan. Kusan duk abin da za a yi wa wannan amfanin gona don darajarsa ta ƙaru, sai an hura wuta.

Shanshera sai an jiƙa, an turara, an shanya. Waken suya kafin ya zama awara sai an tafasa ruwansa. Daddawa kuwa kwana take a kan wuta. Gyaɗa sai an soya kafin a matse mai. Ruwan rake sai ya daɗe yana tafasa kafin ya zama mazarƙwaila. A Ƙanƙara, farar ƙasar da Allah Ya hore wa yankin tana buƙatar busarwa kafin ta shiga buhu. Asibiti na buƙatar ruwan zafi don wanki da tafasa kayan aiki, makarantar kwana na buƙatarsa a ɗakin girki. Duk wannan babu shi a cikin kasafin kowace ma'aikata, domin ba a biyansa da takardar banki. Da itace ake biya.

Itace kuma a wannan yanki ya daina zama abin da ake aika yaro ya ɗebo. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna addabar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Dandume. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garin, aka sako 344 bayan kusan mako guda. Mutanen yankin kuwa sun san tun kafin nan cewa shiga daji neman itace sayar da rai ne. Da daji ya yi wuyar shiga, sai gatari ya koma kan bishiyoyin gona da na bakin gari, har da ɗorawa da kaɗanya waɗanda kakanninmu ba sa sarewa. Matar da ke yin daddawa tana ƙona iccen ɗorawa don ta dafa kalwa. Duk wanda ya ga haka ya san sana'ar na cin kanta.

Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar girki tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya duk shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Mai gumi da goyo a bayanta ta fi mai girkin gida daɗewa a gaban murhu nesa ba kusa ba.

Sai batun masara, wanda ya fi damuna. A Sabuwa masarar farko tana nuna ruwa bai ɗauke ba. Manomi na buƙatar kuɗi, ga tsoron kada a bar ta a gona ɓarayi su riga shi, sai ya karye ta da danshinta. Masara ba ta ajiyuwa lafiya sai danshinta ya sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin 100, alhali a lokacin girbi yakan haura kashi 20. Sai a baza ta a kan leda ko gefen kwalta, hadari ya taso a kwashe a guje, gobe a sake bazawa. A wannan kai da kawo ne fumfuna ke kama ta, wata fumfunar kuma tana haifar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, kuma masana sun danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 wannan guba ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya ta hanyar masarar da ba ta bushe ba. Abin da na'urar busar da hatsi ke buƙata iska ce mai ɗumin digiri 45 zuwa 60, da fanka mai hura ta. Wannan ɗumi shi ne daidai wanda lagireton injin niƙa ke hura wa bango a banza.

Abin da nake ganin a yi

Zafi ba ya tafiya nesa. Lantarki na iya bin waya daga Shiroro zuwa Funtuwa, amma ruwan zafi a bututu kowane taku yana hucewa, kuma bututun da aka naɗe da abin tsare zafi yana da tsada. Saboda haka sharaɗin farko shi ne kusanci. Abin da ya dace da mu shi ne fili ɗaya kusa da kasuwa, a cikin gari, inda injin casa da injin niƙa da masu gumi da rumfar busar da hatsi da masu awara za su zauna kewaye da inji ɗaya. Unguwar da za mu ɗumama unguwar sana'a ce. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tun asali garuruwan Hausa haka suke, marina a wuri ɗaya, maƙera a wuri ɗaya, majema a wuri ɗaya.

Matakin farko ba ya buƙatar sabon inji. A ɗauki wanda ke aiki yanzu, a naɗa bututun ruwa mai tsabta a cikin wani akwatin ƙarfe da hayaƙin salansa ke ratsawa, a kuma ratsa wani bututun ta cikin ruwan da ke sanyaya injin. Ruwan ya ɗauki zafin ya taru a tankin da aka lulluɓe, kamar babban filas, ta yadda wanda aka ɗumama da rana zai yi amfani da yamma. Masu walda na Funtuwa da suke ƙera injin casar masara da bodin mota ba za su kasa wannan ba, muddin an ba su zane mai kyau da awo.

Mataki na biyu shi ne buntu. Kowane buhun shanshera mai kilo 100 yana barin buntu kimanin kilo 20. A bayan injinan casa tsibi yake yi, wani lokaci a cinna masa wuta ya kwana yana turnuƙe unguwa. Zafin ƙaramin inji ya isa jiƙo da busarwa, amma ba lallai ya ba da duk tururin da ake buƙata don turara shinkafa ba. Murhun buntu mai bututun hayaƙi da ƙaramar tukunyar tururi shi zai cike wannan giɓi, itace ya fita daga sana'ar gaba ɗaya. Totuwar masara ma haka. Masu mazarƙwaila sun riga kowa a wannan hikima, domin da busasshiyar tukar raken da suka matse suke dafa ruwansa.

Mataki na uku, wanda bai kamata a yi gaggawarsa ba, shi ne a mayar da buntun kansa lantarki. Akwai tukunyar da ke gasa buntu da ƙarancin iska ta fitar da gas mai kamawa, a tace shi a ba inji a madadin mai. Kimanin kilo 2 na buntu yana ba da yunit ɗaya. Kamfanin Husk Power Systems da wannan ya fara haska ƙauyukan jihar Bihar ta Indiya wajen 2008, kuma tun 2021 yana aiki a Jihar Nasarawa, ko da yake a can da hasken rana ya shigo. Idan aka kai wannan mataki, har sanyi ana iya samu daga zafin. Wanda ya tuna firji mai kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitoci ya san ƙaramar wuta na iya yin ƙanƙara. Manyan irinsa da ruwan zafin inji suke aiki, kuma masu tumatir na Danja da masu nono za su so jin wannan.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Na farko, za a ce ga hasken rana ya yi araha, me ya kai mu ƙona abu? Ina tare da masu wannan magana a kan fitila da rijiyar burtsatse da firjin asibiti da cajin waya. Har injin niƙa ma yana iya komawa kan sola, kuma ranar da ya koma babu sauran zafin salansa da za a kama. Amma ko a ranar, mai gumi na nan tana neman tururi, kuma dafa duro 15 da lantarkin sola yana buƙatar faifai da batura masu yawan da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya saya ba. Masara kuma a lokacin hadari take buƙatar busarwa, lokacin da rana ke ɓuya. Sola da buntu abokan aiki ne, kowa da inda ya fi ƙarfi.

Na biyu, haɗari. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ta sha kashe iyali guda a ɗaki ɗaya a ƙasar nan saboda an kwana da janareta a kusa. Kada wani ya karanta wannan rubutu ya je ya juya bakin salansa kan hatsi ko cikin ruwan jiƙo. Zafin ake ɗauka ta jikin ƙarfe, hayaƙin ya fice sama. Tukunyar tururi kuma idan ba ta da mafitar da ke rage matsi, fashewa take yi. Gas ɗin buntu yana barin wani baƙin maiƙo kamar kwalta da ke toshe inji, kuma ruwan da aka wanke shi da shi bai kamata ya gangara rafi ba. Shi ya sa aikin ke buƙatar injiniya a farko da horar da makanikai, ba a bar kowa ya ƙera yadda ya ga dama ba.

Na uku, mata. Gumi sana'ar mata ce, da ita ake aurar da 'ya'ya, ake biyan kuɗin magani. An sha gani a wurare da dama, da zarar inji ya shigo sana'a sai ta koma hannun maza masu jari, matan su zama 'yan ƙwadago ko su koma gida. Idan haka za ta faru a Sabuwa, gara a bar su da murhunsu. Dole tankunan jiƙo da na turara su zama mallakar ƙungiyar matan, su sayi zafi daga mai inji a kan farashin da aka rubuta, wanda bai kai kuɗin itace ba. Kuma a tuna da matan da ba sa fita, waɗanda ke gumi a cikin gida. Su murhun buntu na gida ya fi dacewa da su. A kuma tuna cewa buntu da totuwa ba marasa mai su ba ne, masu kiwon kaji na shimfiɗa buntu, talakawa na girki da totuwa. Ranar da suka yi kuɗi, wani zai rasa abin da yake samu kyauta, kuma adalci ne a yi lissafinsa tun farko.

Na huɗu, tsaro. Wa zai zuba jari a inda ake tsoron dare? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu bututun da zai maye gurbin zaman lafiya. Sai dai wannan tsari ya fi dogon layin lantarki jure wa irin halin da muke ciki. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke kawo wuta ta Binuwai kuma ya sami matsala. Cibiyar da ke cikin gari, man ta buntun da ke bayanta, ba ta dogara da turken da ke tsakiyar daji ba, kuma tana rage wa mutane dalilin shiga dajin.

Ga wa nauyin yake?

Mu a Katsina mun san yadda babban aiki ke zama abin kallo. Tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, mai farfela 37 da ƙarfin megawat 10, ta shafe fiye da shekara goma ana jiran ta. Abin da nake magana a kai ƙarami ne, kuma ƙanƙantarsa ce amfaninsa. Idan ya gaza, asarar ba ta da yawa, an kuma koyi darasi. Idan ya yi, Alhaji mai inji na gaba ba sai an roƙe shi ba, da kansa zai kira mai walda.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma ƙa'idojin hukumar NERC sun sauƙaƙa wa ƙananan tashoshi, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata. Ina kira ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ta sa zafi a cikin duk wani tsarin makamashi da take yi. A fara da abin da Danmak ta fara da shi, wato ƙirga. Injina nawa ne a Sabuwa da Dandume da Sheme da Ƙanƙara, lita nawa suke sha, masu gumi nawa ne, itacen nawa suke saya, buntu nawa ke taruwa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da cibiyar binciken sabunta makamashi, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya wadda ba ta da nisa. Wannan aikin ɗaliban ajin ƙarshe ne na zango ɗaya, kuma ya fi kundin da ake rubutawa a jibge a kabad.

Ƙaramar Hukumar Sabuwa nata shi ne fili da ruwa da hanya. Masu sarauta da shugabannin kasuwa nasu shi ne sasanta mai inji da masu gumi a kan farashi, da tsayawa a kan yarjejeniyar. Ga wakilan mazaɓar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a majalisun tarayya da na jiha kuma, kowace shekara ana rabon injinan niƙa da ƙananan janaretoci da sunan tallafi. Kowane ɗaya daga cikinsu sabon wurin zubar da kashi biyu cikin uku na mai ne, kuma da yawa a kasuwa suke ƙarewa. Kuɗin rabo ɗaya zai iya kafa cibiyar gwaji guda, a auna man da ta sha da itacen da ta hana ƙonawa na tsawon kaka ɗaya, a buga sakamakon kowa ya gani, ko mai daɗi ne ko marar daɗi.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin mu sami wutar da ake ta yi mana alkawari, akwai wadda muka riga muka biya kuɗinta a gidan mai, tana fita ta salansa kowace safiya. Innar nan da na tambaya har yanzu tana sayen itace, kuma ɗaurin da ta saya bana ya fi na bara tsada da ƙanƙanta. Bututun da zai haɗa tukunyarta da injin maƙwabcinta bai fi tsawon taku ashirin ba.